Sauya takalmin birkin baya a gida: Abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya ɗauki sifana

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu motoci da dama suka koma neman hanyar rage kashe kuɗi. Wasu sun fara sayo kayan gyara da kansu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, su yi ƙananan ayyuka a ƙofar gida. Sauya takalmin birki, wanda makanikai ke kira fad, yana cikin ayyukan da za a iya yi. Sai dai na baya yana da tarkon da na gaba ba shi da shi, kuma kuskure a birki yana iya cin rai.

Yaushe ake sauyawa?

Idan ka ji ƙara mai tsini lokacin taka birki, yawanci wani ɗan ƙarfe ne da aka maƙala wa takalmin yake gogar faifai don ya sanar da kai ya cinye. Idan kaurinsa ya sauko zuwa milimita 3, lokaci ya yi. Wanda ya yi jinkiri har ƙarfe ya fara cin ƙarfe, sai ya sayi faifai ma. Kuma hagu da dama ake sauyawa tare, domin ƙarfin birkin ya zo daidai.

Fara da sanin motarka

Ƙananan motoci da yawa ganga ce a bayansu, ba faifai ba, kuma aikinta daban ne. Masu birkin hannu na lantarki, wato na maɓalli, galibi sai an haɗa su da kwamfuta kafin a buɗe. Irin waɗannan a bar wa gwani.

Yadda ake yi

A ajiye mota a daben da yake shimfiɗe, a sa giya, a tokare tayoyin gaba, sannan a saki birkin hannu. A sassauta notikan taya kafin a ɗaga. Kada a dogara da jak kaɗai, a sa ƙarfen tokare a ƙarƙashi. Bulo yana iya fashewa.

Bayan cire taya, a kwance kusoshin kalifa, wato maƙatar da ke riƙe takalman, a ɗaure ta da waya. Kada a bar ta tana lilo a jikin tiyon man birki.

A nan ne mutane ke yin ɓarna. Fistin ɗin gaba tura shi ake yi ya koma. Amma a bayan motoci irin su Golf da Honda Accord da yawa, birkin hannu yana haɗe da kalifa, don haka murɗa fistin ake yi ana dannawa da makullinsa na musamman. Wanda ya matse shi da ƙarfi zai lalata kalifar, wadda kuɗinta ya ninka na takalmin. Idan akwai tsaga a fuskar fistin, alama ce ta na murɗawa, kuma dole tsagar ta yi daidai da ɗan ƙullin da ke bayan takalmin, idan yana da shi.

Yayin mayar da fistin, man birki zai tashi a tankinsa. A lura kada ya zube, domin yana cin fenti. A shafa giris ɗin birki a kusoshin da kalifa ke zamewa a kai, amma ko ɗigo kada ya taɓa faifai ko fuskar takalmi. Ƙurar wurin kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura, domin shaƙarta na cutar da huhu.

Matakin da ba a mantawa

Bayan an mayar da komai an ɗaure taya, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa. Idan ba a yi haka ba, takun farko zai iya tafiya ƙasa babu kamu. A gwada birkin hannu, sannan a zagaya layin da babu yara a hankali.

Idan birkin ya ci gaba da laushi, ko aka ga mai yana tsiyaya, a ajiye mota a kira makanike. Kuɗin aikinsa bai kai na asibiti ba.