Wayoyin Da Ke Kawo Hoton Abuja Har Cikin Ɗakinka

Ran 29 ga watan Mayu, 1999, sa'ad da aka rantsad da Shugaba Olusegun Obasanjo a Dandalin Eagle da ke Abuja, 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabo a Badun, sun kalli bikin a akwatunan talabijin kamar suna wurin. Yanzu ga fuskar shugaba, an jima ga sojoji na fareti, can kuma ga taron jama'a. Amma kaɗan ne suka san abin da ke jera waɗannan hotuna bi da bi.

To, abin shi ne wata na'ura da ma'aikata ke kira suwica, watau na'urar sauya hoto. Kowace kamara tana aiko mata da hotonta, darekta ya zaɓi wanda za a nuna, mai kula da ita ya latsa maɓalli. Akwai irinta a ɗakunan shirye-shirye na Hukumar Talabijin ta Ƙasa, NTA, wadda aka kafa da dokar 1977, mai hedkwata a Garki, Abuja, akwai ta kuma cikin motocin da ke zuwa wurin taro. Sai dai kome tsadarta, ba ta da amfani in wayoyinta ba su zauna daidai ba.

Wayoyin nan iri biyu ne manya. Ta farko ita ce wayar hoto, mai zaren tagulla guda a tsakiya da raga a kewaye, wadda ma'auninta om 75 ne. Kanta ana tura shi ne a murɗa ya kulle, don kada ƙafar wani ta fizge shi. Tun 1989 aka fito da tsarin SDI, wanda ke aika hoto da ita ta hanyar lambobi. Hoto mai kyan gaske yakan yi tafiyar kimanin mita 100 a kan waya mai nagarta. In ya wuce iyakarsa ba ya dushewa sannu a hankali irin na da, ɗaukewa yake yi gaba ɗaya. Shi ya sa a babban fili ake komawa ga wayar zaren gilashi, mai kai hoto nisan kilomitoci.

Ta biyu ita ce wayar sadarwa irin ta kwamfuta. Ita ce ke haɗa allon maɓallai da uwar na'ura, ita ma iyakarta mita 100. Lalle kowace na'ura a kanta ta sami lambar adireshi tata ita kaɗai. In biyu suka yi tarayya a lamba ɗaya, sai a latsa maɓalli hoto ya ƙi motsi, alhali kuwa kamarori lafiyarsu lau.

Akwai kuma wani tarko. Talabijin a Nijeriya yana bin tsarin 50 ne a daƙiƙa, na Amurka kuwa kusan 60. Kamarar da aka bari a saitin Amurka, wasu na'urorin ba su karɓar hotonta sam, sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Wannan sana'a ba ta manyan tashoshi kaɗai ba ce a yau. Ƙananan suwica sun yi araha, har samari na amfani da su wajen watsa tafsirin azumi da bikin aure ta intanet. Saboda haka duk ɗan'uwan da ya shiga kasuwar Alaba neman kayan nan, ya duba ma'aunin da aka rubuta a jikin waya kafin ya biya kuɗi. Ya manna wa kowace waya suna a kanta biyu, ya gwada ta tun kafin ranar taro, ya kuma ajiye wata ta ko-ta-kwana. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, shirin kai tsaye kuwa ba a cewa a maimaita.