GASA 'YAN SHILA DA KABEWA: RIBA BIYU DAGA GIDA ƊAYA



Duk kaka abu ɗaya ke faruwa. Kabewa ta cika gida har ta fara ruɓewa, mai tantabaru kuma ya kwashi 'yan shila ya kai kasuwa, dillali ya taya yadda ya ga dama. Alhali in ka haɗa su ka gasa, ka sami abincin da zai ƙosar da iyali, ko ka sayar da shi a gashe da daraja.

Farko dai, lokacin yanka. Tantabara ƙwai 2 take yi, ta kwanta kwana 17 zuwa 19. Ɗan shila yana kai wa yanka a wajen sati 4, gashi ya rufe jiki amma bai fara tashi ba. A nan yake da kitse da taushi. Da ya fara tashi, nama ya yi tauri, nauyi ya ragu. Mai kiwon salwa kuma, sati 6 zuwa 7. In ka ba su maganin rigakafin ƙwayoyin cuta, duba takardar maganin, ka jira kwanakin da aka rubuta kafin ka yanka. Kar kwaɗayin kuɗi ya sa ka cutar da mai saye.

Yadda ake yi: a fige, a wanke da lemun tsami, a tsaga ta baya a baje shi. A shafa gishiri, citta, tafarnuwa, masoro, ɗan barkono da man gyaɗa, a bar shi awa 1.

Ga inda mutane ke kuskure: zuba komai lokaci ɗaya. Kabewa ta fi shila jinkirin nuna. Ku zaɓi wadda ta ƙosa, a yanka manya-manya, a shafa mai da gishiri, ta fara shiga wuta minti 15 zuwa 20. Sannan a ɗora 'yan shilan a kanta, kitsensu ya riƙa ɗiga yana ratsa ta, a ƙara minti 20 zuwa 25.

Ba ka da tandar zamani? Zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ɗora faranti a kan duwatsu uku, rufe, garwashi ƙasa, kaɗan a kan murfi. Soki cinya da wuƙa: in ruwan ya fito ba jini, ya nuna. A barbaɗa yajin ƙuli.

Ɓawo da 'ya'yan kabewar kuma kar a zubar, a daddatsa wa kaji. Wadda za a ajiye, a bar mata ƙututturenta, a sa ta a inuwa inda ba danshi, takan yi watanni.

Fara gwadawa da guda 4 a gida kafin ka kai wa mai saye. Allah ya sa albarka a kiwo.