Guzurin Ɗalibin Bishara: Yadda Ikkilisiya Ke Tura Ɗanta Neman Ilmi Ƙasar Waje

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja, ya ga yadda gardawa ke ratsa garuruwan bakin kogi da alluna a rataye, sun nufi gabas neman tilawa da hadda, ya kuma ga yadda dangi da maƙwabta ke tara musu ɗan gero da kuɗin mota kafin su tashi, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan cewa ilmi abu ne da ake bar wa gida dominsa, kuma jama'a ce ke ɗaukar nauyin mai nemansa. Abin da galibinmu ba mu lura da shi ba shi ne, maƙwabtanmu Kirista, waɗanda 'yan tsiraru ne a wannan yanki, ma'aikata da 'yan kasuwa da kuma wasu 'yan ƙasa haifaffun nan, suna da irin wannan al'ada, har takan kai su ga tura ɗansu Kenya ko Ghana ko Ingila domin ya koyo aikin bishara, watau aikin da aka fi sani da mishan.

Asalin al'amarin kuwa, tafiyar ta fara ne daga can zuwa nan. Kafin Likita Walter Miller da abokansa 'yan mishan na ƙungiyar CMS su tako ƙasar Hausa, sai da suka sauka a birnin Tarabulus na Libiya, suka zauna cikin fatake da alhazan Hausawa suna koyon harshe, domin sun tabbata cewa wanda bai mallaki harshen mutane ba, ba shi da hanyar isa zukatansu. A 1900 suka iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarkin Kano Alu ya sallame su ba tare da ya ba su izinin zama ba. A 1905 Miller ya sami wuri a birnin Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Haɗeja a wannan zamani tana cikin nata tashin hankali, don a 1906 ne Turawa suka ci garin da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Bayan haka gwamnatin mulkin mallaka, saboda alkawarin da ta yi wa sarakuna cewa ba za ta taɓa addini ba, ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, sai cikin shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe ta hanyar jinya, lokacin da ƙungiyar SIM ta karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Cikin tashoshin da ta kafa a wancan zamani har da ta Garun Gabas, tsohon garin nan na ƙasar Haɗeja da ke kusa da Malam Madori, inda layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa.

Daga aikin SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, amma tun 1948 'yan ƙasa sun riga sun kafa tasu ƙungiyar masu bishara, wadda yau ake kira EMS, wadda da baikon talakawa da gudummawar zumuntar mata take ciyar da ma'aikatanta. Makarantun horar da masu bishara kuma suka yaɗu: ta Kagoro, da ta Tofa kusa da Kano, da ta Igbaja, da kwalejin tauhidi ta Bukuru wadda ta buɗe a 1959, da ta ECWA a Jos a 1980. Saboda haka mai karatu na da haƙƙin tambaya, tun da ga makarantu a gida, mene ne hujjar ƙetare teku?

Jawabin yana cikin tarihin mutum biyu da suka shahara. Byang Kato, haifaffen Kwoi a 1936, ya yi karatu a Igbaja, ya wuce Landan, daga baya ya tafi Dallas ta Amurka inda ya kai matuƙar daraja a ilmin tauhidi, sa'an nan ya zama babban sakataren haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikkilisiyoyin bishara ta Afirka, har rasuwarsa cikin teku a Mombasa a Disamban 1975, yana da shekara 39. Na biyu shi ne Panya Baba, mutumin Karu, wanda ya je kwalejin All Nations a Ingila, ya dawo ya shugabanci EMS daga 1970 zuwa 1988, a hannunsa kuma adadin masu bisharar ƙungiyar ya ninka fiye da sau uku. Dukkansu biyu sun riga sun yi hidima a gida kafin su fita, sun san abin da suka je nema, kuma ilminsu bai tsaya a kan takardar shaida ba. A ra'ayina, irin wannan tafiya ce kaɗai ta cancanci kuɗin jama'a.

Hanyar da ake bi ba ta da wani sirri. Saurayi ko budurwa kan bayyana wa fasto cewa yana jin kira, fasto ya kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, su kuwa ba sa gaggawa, sai sun duba halinsa da riƙon amanarsa da yadda yake zaune da iyayensa, domin wasiƙar shaida da za su rubuta ita ce makarantar can za ta dogara a kanta, kuma sunan ikkilisiya ne ke kan takardar. In ikkilisiyar mai tsari ce irin ECWA ko Angilika, maganar takan hau zuwa majalisar gunduma ko ofishin bishop. Horon kansa iri-iri ne: akwai gajere na wata biyar ko shida, kamar na ƙungiyar YWAM, inda ake yin kusan wata uku a aji, sauran kuma a fagen aiki, ɗalibi ne kuma ke neman kuɗinsa, akwai mai tsawo na shekara biyu ko uku a kwalejojin Nairobi ko Akropong ta Ghana, inda ake karanta tafsirin Littafi Mai Tsarki, da Girkanci da Ibrananci, da ƙa'idojin fassara, da tarihin addinai, wani lokaci har da kiwon lafiya na farko da dabarun noma.

Kuɗi shi ne wurin da al'amarin ke da nauyi, kuma nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani da adalci. Ikkilisiyar da ke cikin fadamar Haɗeja ba ta da attajiran da ta Legas ko Abuja ke da su. Abin da ke shiga asusunta baikon ranar Lahadi ne, da zakkar ƙaramin ma'aikaci, da buhun shinkafa ko riɗi da aka kawo ranar godiyar kaka, da ribar mai sayar da busasshen kifi. Wannan dukiya kuwa tana hannun kogi, domin shekarar da ruwa ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022 ya cinye gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, ko kuwa inda ciyawar kacala ta toshe magudanai ta hana noma da kamun kifi, to, hannun mai bayarwa ma yakan ƙanƙance. Ga shi kuma tun da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023, dalar da ake samu a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin 2024, alhali kuɗin makaranta da na jirgi da na biza duk da kuɗin waje ake lissafa su. Ikkilisiyar da ta yi alkawari bisa tsohon lissafi tana iya wayar gari ɗanta na can tsakiyar karatu, guzuri ya ƙare, ba ya iya ci gaba, ba ya iya dawowa, wannan kuwa ƙunci ne da bai kamata a jefa ɗan kowa a ciki ba.

Akwai kuma fitinar rashin dawowa, wadda ba ta keɓanta da Kirista ba, mun gan ta a wurin likitoci da malaman jami'a. Amma ta fi ciwo a nan, saboda kuɗin da aka tara na gwauraye ne da tsofaffi waɗanda suka rage cefanensu da niyyar ibada, amana ce a wuyan wanda ya karɓa. Haka nan a yi hattara da dillalan da ke tallan horon bishara a intanet alhali biza kawai suke sayarwa. Makarantar gaskiya tana da adireshi da malamai sanannu, kuma ba ta ƙin amsa wasiƙar dattawa.

Abin da na fi damuwa da shi, duk da haka, shi ne irin mutumin da zai dawo. Wanda zai zauna a Haɗeja zai zauna ne tsakanin Musulmi masu riƙo da addininsu, waɗanda da su zai yi ciniki, da su zai tare bakin kogi da buhunan ƙasa in ruwa ya taso, su ne kuma za su zo masa gaisuwa ranar farin ciki da ranar makoki. Idan karatun waje ya ƙara masa ladabi da sanin addinin maƙwabcinsa daga littattafan masu shi, ya kuma dawo da Hausarsa garau, yana iya bayyana abin da ya koyo ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, to, garin duka ya ci riba, Musulminsa da Kiristansa. Idan kuwa ya dawo da girman kai da zafin jayayya da aka koya masa a inda ba a san zamanmu ba, ikkilisiyarsa ce za ta fara ɗanɗana kuɗarta.

Don haka ina roƙon dattawan ikkilisiyoyin wannan yanki, kafin su ɗora hannu a kan wani su sallame shi, su fara tura shi Tofa ko Jos ya yi shekarun gwaji, su tabbatar kuɗin zuwa da na dawowa suna hannu, su rubuta sharaɗin shekarun da zai yi musu hidima, su kuma tanadar masa aikin da zai tarar ranar da ya sauka a tashar Haɗeja.