Hoton Maciji Daga Nesa Ake Ɗauka

Yaran unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe sun san ƙadangare tun kafin su shiga makarantar allo, amma da dutse suka san shi. Ni na fi so nawa su san shi da kyamarar waya. Da hantsi ake samun jan gwada a kan katanga yana gyaɗa kai. Jikin irin waɗannan halittu ba ya ɗumama kansa, sai sun sha rana suke samun kuzari, shi ya sa da safe suka fi tsayawa a ɗauke su hoto.

Da yaran suka iya laɓaɓawa, sai muka fara fita bayan gari. Wajen Dadin Kowa, bakin ruwan Gongola, akan yi sa'ar guza; da damina kuma damo kan fito. Hawainiya ce abar son autata, don ba ta sauri, ga ido ɗaya na kallonka, ɗayan na kallon wani wuri.

Maciji kuwa zancensa daban. A ƙasar Gombe wanda ya fi ɓarna ba mesa ba ce, kububuwa ce, wadda da ƙyar take wuce rabin mita, launinta sak na ƙasa. Tana kwanciya ƙarƙashin dutse ko tarin kara. In ta fusata sai ta naɗe tana goga ɓawon jikinta, ka ji ƙara kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Dafinta na hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo ya fi cika lokacin shuka da girbi, yawanci da manoma da makiyaya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Don haka ba mai fita da silifa, ba mai ɗaga dutse ko zura hannu a rami. Masu cafke maciji da hannu a bidiyo ba sa burge ni. "Baba, matsa kaɗan, bai fito sosai ba," in ji babban ɗana in muna ɗaukar maciji hoto. Nakan ce masa ya jawo hoton da yatsa.

In tsautsayi ya gitta, kada a ɗaure wurin, kada a tsaga, kada a tsotsa. A hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi sai asibiti.