Yadda Ake Zaɓen Abin da Zai Shiga Kanel ɗin Linux

Kanel shi ne ɓangaren manhaja da ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Shi ke raba musu wurin ajiya, ya tsara wadda za ta yi aiki yanzu da wadda za ta jira, ya kuma yi magana da allo da batir da kyamara a madadinsu. Mafi yaɗuwa a duniya shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Kowace wayar Android a kansa take tafiya, har da Tecno da Itel da Infinix da ke hannun masunta da dillalan albasa a kasuwar Yelwa. Shi ne kuma ke tafiyar da akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. Rubutunsa ya haura layi miliyan 30, kuma babu na'urar da ke buƙatarsa duka. Dole a yi zaɓi tun kafin a haɗa shi.

Ɗaya daga cikin sassan da ake zaɓa ko a bari shi ne na kwamfutar kwaikwayo, wato dabarar da ke sa na'ura ɗaya ta ɗauki baƙin kwamfutoci da yawa a cikinta, kowace tana aiki kamar ita kaɗai ce. Kamfanin IBM ya fara wannan tun shekarun 1960. Intel ya sa wa na'urorinsa kayan tallafa wa dabarar a 2005, AMD ya biyo baya a 2006. A watan Fabrairun 2007 aka fitar da Linux 2.6.20 ɗauke da sashen wannan dabarar mai suna KVM, aikin Avi Kivity na kamfanin Qumranet. Rumbun bayanai da ke ba da hayar kwamfutoci ba ya rayuwa sai da irin wannan sashe. Ƙaramar na'urar raba intanet a shago kuwa ba ta da abin yi da shi, sai dai ya cinye mata wuri, ya kuma ƙara ƙofar da ɓarayin intanet za su iya lalube.

Ana yin zaɓin ne ta wani tsari mai suna Kconfig. Mai haɗa kanel yana amsa tambaya a kan kowane sashe da harafi ɗaya: y idan za a gina shi a jikin kanel, m idan zai zama guntun da ake ɗorawa sai buƙata ta taso, n idan ba a so. Amsoshin sukan koma alamomi irin su CONFIG_KVM. An rubuta mafi yawan Linux da harshen C, kuma kafin manhajar harhaɗawa ta mai da rubutun zuwa yaren na'ura, akwai matakin tacewa. Idan matacin ya ga #ifdef CONFIG_KVM, sai ya duba ko alamar tana nan. In tana nan, ya bar layukan da ke biye har zuwa #endif. In babu, ya zubar da su gaba ɗaya. Kamar kafintan jirgin ruwa ne a bakin tafkin Kainji: tun katako yana ƙasa yake tambayar mai jirgi ko za a ɗaura inji, domin ba a tsakiyar ruwa ake gyara ƙirar baya ba.

Wahalar tana cikin inda za a ajiye waɗannan sharuɗɗa. Sashen KVM ba a keɓe yake ba. Yana hulɗa da mai tsara lokaci da mai kula da wurin ajiya. Idan aka kewaye kowane kira da nasa #ifdef, rubutun zai cika da shinge har mai karatu ya kasa bin zaren aikin. Saboda haka ƙa'idar rubutun Linux ta ce a guji sa su a fayilolin aiki masu ƙarewa da .c, a tattara su a fayilolin shimfiɗa masu ƙarewa da .h, inda ake sanar da sunayen ayyuka da fasalin bayanai. A nan ake rubuta sanarwa biyu. Ta farko tana nuna aikin gaske idan an kunna sashen. Ta biyu, bayan #else, aiki ne mai suna iri ɗaya amma cikinsa fayau. Sauran kanel sai ya kira sunan ba tare da tambaya ba, manhajar harhaɗawa kuma ta share kiran da babu komai a cikinsa, ko ɗigo ba ya ƙaruwa a nauyin kanel.

Akwai tarko a harafin m. Idan aka zaɓi sashe a matsayin guntu, alamar da ke fitowa ita ce CONFIG_KVM_MODULE, ba CONFIG_KVM ba. Wanda ya rubuta #ifdef CONFIG_KVM kawai zai ga layukansa sun ɓace alhali sashen yana nan, kuma yawancin masu rarraba Linux a kwamfutocin Intel da AMD a guntu suke haɗa KVM. Maganin shi ne IS_ENABLED, wanda ya shigo a 2011, yana amsa "eh" ko y aka zaɓa ko m. Yana da wani amfanin kuma: idan aka sa shi cikin sharaɗin C na yau da kullum, manhajar harhaɗawa za ta karanta layukan ta binciki kurakuransu kafin ta watsar da su. Abin da matacin ya zubar kuwa ba mai duba shi, yana iya lalacewa shekaru ba a sani ba.

Tarko na biyu ya fi haɗari. Idan sharaɗi ya ƙara gurbi a cikin fasalin bayanai, girman fasalin da matsayin gurabensa sun canza. Guntun da aka haɗa da wani zaɓi, aka ɗora a kan kanel mai wani zaɓin daban, zai nemi bayani a inda ba ya nan, na'ura ta tsaya cak ko ta ɓata bayanai. Wannan ne ya sa fayilolin da manhajojin waje ke dogaro da su, waɗanda aka ware a include/uapi tun 2012, ba a yarda fasalinsu ya rataya a kan alamomin CONFIG ba. Alkawari ne tsakanin kanel da masu amfani da shi, kuma bai kamata ya sauya da ra'ayin mai haɗawa ba.

Tunda zaɓuɓɓukan sun kai dubbai, ba wanda zai iya gwada kowane haɗi. Masu aikin sukan haɗa kanel da allnoconfig, mai kashe duk abin da za a iya kashewa, da allmodconfig, mai mai da kusan komai guntu, da randconfig, mai zaɓe barkatai. Kwamfutocin gwaji na Intel suna yin haka dare da rana, su aika wa marubuci rahoto idan gyaransa ya karya wani haɗi. Tsabtar wannan iyaka ce ke sa sashe ya shiga ko ya fita ba tare da girgiza saura ba. A 2020, Linux 5.7 ya cire KVM daga tsofaffin na'urorin ARM masu bit 32 saboda ƙarancin masu amfani, sannan a 2022 Android 13 ya fara amfani da wani nau'in KVM mai ƙarin tsaro don keɓe bayanai masu muhimmanci a cikin waya.