Wa Ke Kunna Fitilun Kan Hanya?

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci na Tasawa da Mayayi, yau zancenmu kan fitilun kan hanya ne. Iri biyu ne.

Na farko suna haɗe da wayar Nigelec. Makunni guda ke kunna layi duka, shi ke kashe shi. Da sauƙi, amma in wuta ta ɗauke, layin duka sai duhu. Kun tuna watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da ke shigo mana daga Katsina ta Gazawa.

Na biyu, kowace fitila da faifan ranarta da batirinta. Faifan ne idonta: rana ta faɗi, ta kama, gari ya waye, ta mutu. Ba ta jiran umurnin kowa. Sai dai in ta lalace, hukuma ba ta sani sai kun kai labari. Da hunturu ƙura na rufe faifan, batir bai cika, fitila ta mutu tun dare bai raba ba. Ku naɗa mutum guda a unguwa ya riƙa shaida wa hukuma, a aiko mai tsani ya goge. Kada yaro ya hau sandar.