Ɗalibar Jinya a Bakin Kwalta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, ta biyo ta Tambuwal kafin ta gangara Jega, ya san yadda tireloli da motocin haya da 'yan kabu-kabu suke gogayya a kan kwalta ɗaya, ya kuma san cewa ranar da ƙaddara ta auku, manoma da fasinjoji da 'yan talla su ne suke fara isa kan wanda ya jikkata, tun kafin labari ya kai kunnen likita. Daga Tambuwal zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tafiyar kimanin kilomita 100 ce, ta mutumin ƙauyukan Kebbe kuwa ta zarce haka, alhali jinin da ya ɓalle daga babbar jijiya ba ya jiran ko rubu'inta.

Saboda haka kasancewar kwalejin koyon aikin jinya a garin Tambuwal ni'ima ce, domin ɗalibanta wannan hanya suke bi, kuma ba mamaki wata rana motar da ke gabansu ta ƙwace. A aji an karantar da su ƙa'idoji: a fara duba numfashi, a danne rauni da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, kada a lanƙwasa wuya ko gadon baya don gudun taɓa laka, wanda ya suma kuma yana numfashi a kwantar da shi bisa gefensa. Amma hardace ƙa'ida a gaban malami daban take da zartar da ita cikin ƙura da kururuwa, inda jama'a, bisa tsantsar tausayi, suke jan mai karaya ta hannu, wani yana kwara masa ruwa, wani yana ɗura masa a baki, wanda kuwa hankalinsa ya gushe yana iya shaƙe ruwan ya halaka.

A nan ne, a ganina, mushkilar take. Yarinya 'yar shekara ashirin, wadda aka yi wa tarbiyya da kunya da girmama na gaba, ita ce za ta dubi dattijo mai furfura ta ce, "Baba, don Allah a dakata, kada a ɗaga shi haka," kuma ba ta samun wannan ƙarfin hali sai an maimaita mata aikin a fili, da taro da hayaniya, har hannu ya saba, murya ta daina rawa. Magabata ba su ga aibu ga mace a wannan fage ba, domin Rufaida al-Aslamiyya ta kafa hema a Madina, a can aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Ceton rai kuwa farali ne na kifaya a wurin malaman fiƙihu.

Masu tsoron kai wanda ya jikkata asibiti su sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ƙin karɓar majiyyacin gaggawa, lambar hukumar kiyaye haɗurra kuma 122 ce. Kafin jami'anta su iso, mayafi ko rawani yana tsayawa matsayin bandeji, ƙyauren ɗaki kuma ya isa a ɗauki mai karayar baya a kansa, matuƙar an sami mutum ɗaya da zai riƙe masa kai.